Baƙin Zongon Gishiri

Litinin, bayan la'asar

Taswirar ta fito yau. Tun bara ofishinmu na nan Kumasi yake aikin tsara ƙasar wata gunduma ta bakin teku, can yamma: ina za a yi gidaje, ina gona, ina za a bar wa ruwa. Ni tituna da kasuwanni aka ba ni, gaɓar teku wasu ne suka yi ta. Mista Ofori, shugabanmu, ya shimfiɗa takardar a kan babban tebur, ya danne kusurwoyinta da kofunan shayi, kowa ya zagayo ana murna an gama.

Akwai jan layi a bakin ruwan. Shi ne katangar duwatsu da za a jera don tare teku. Na bi shi da yatsa. Ya taso daga inda masunta ke jan kwale-kwalensu kan yashi, ya bi bayan kasuwa, ya wuce fadar Nana, sarkin garin, ya zo bakin tafki ya tsaya cak. Gaba da nan akwai wani siririn yashi, tafki a bayansa, teku a gabansa. An shafa masa kore. Kore a aikinmu yana nufin a bar wa ruwa da itatuwa, ba gini, ba katanga.

Zongon Gishiri ke nan. Gidan mahaifiyata Humu, da nake kira Mma, yana cikin koren nan, na uku daga masallaci.

Na ce cikina ke ciwo, na fito. A ƙafa na zo gida. Ban ma san na wuce tashar motocin haya na trotro ba sai da na hango hasumiyar masallacin unguwarmu.

Talata, da asuba

Na share tsakar gida tas. Yau ba ranar sharata ba ce.

Talata, bayan azahar

Na tambayi Mista Ofori kamar wadda ke tambayar ko ruwa zai sauko yau. Na ce, "Me ya sa layin bai tsallaka tafkin ba?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. Mutumin kirki ne, shi ya sa ma abin ya fi ci mini rai. Ya ce, "Duwatsun ba za su kai ko'ina ba, Basiratu. Inda mazauna suka fi yawa, nan ake fara karewa. Wancan yashin, mazauna na dindindin mutum arba'in ne da 'yan kai. Sauran 'yan kasuwa ne masu zuwa su koma, da bakinsu suka faɗa wa masu ƙidayarmu. Kuma tafkin yana bukatar inda zai fitar da ruwansa. In muka shaƙe shi, garin ne zai sha."

Maganar tafkin gaskiya ce, na karanta ta a makaranta har na ci jarrabawa a kanta. Amma arba'in? Mata masu bandar kifi kaɗai sun fi arba'in. Mutanen wurin nan ba su kasa ɗari shida ba in an haɗa da yara, yara kuwa ba sa ƙarewa a Zongon Gishiri.

Ya ce, "Kin san wurin ne?"

Na ce na taɓa wucewa.

Na taɓa wucewa! Kai, Basira, Allah ya shirye ki.

Laraba, da hantsi

Na kira Mma. Tana gaban murhun banda, ina jin tarinta, ina jin teku a bayanta. Da ba haka nake jin sa a waya ba, yanzu kamar yana tsakar gidan.

Na ce, "Mma, bara wasu yara sun zo muku da tambayoyi, suna bin gida-gida?"

"Sun zo. Masu ladabi. Har kifi na ƙulla musu."

"Da suka tambaye ki ina ne gidanki, me kika ce?"

"Me zan ce? Kumasi mana."

Na zauna a kan matakala. Mma dai a ɗakin da take kwana aka haife ta. Babanta ne ya ya da zango a Kumasi yana saurayi, a hanyarsa daga arewa, ya yi 'yan shekaru yana dako a kasuwa ya wuce. Ita kuwa zuwanta garin nan ba ya wuce bikina da wani ciwon ido da ta zo asibiti. Ko hanyar kasuwar Kejetia ba ta sani ba.

Na ce, "Mma, ai can aka haife ki. Can aka binne Baba."

Ta ce, "An haife ni a ƙasar mutane. Kakan Nana ne ya ba kakanninmu wurin sauka lokacin fataucin gishiri. An ba ka wurin sauka, sai ka buɗe baki ka ce nan nawa ne? Ke boko ya sa kin manta, ko me?"

Ban manta ba. Kowa a wurin nan yana da garin da yake kira gida. Wasu Salaga, wasu Bawku, wasu Dosso. Malam Seini, sarkin Zongon, in ka tambaye shi zai ce maka Dogondutsi, alhali ko a hoto bai taɓa ganin Dogondutsi ba. Duk shekara in garin na bikinsa, Zongo na kai rago fada, Malam Seini ya cire takalmi ya ce, "Nana, baƙinka sun zo gaisuwa." Da haka na tashi. Ban taɓa tunanin wata rana za a zauna a ofis mai sanyi a ɗauki wannan gaisuwar a mayar da ita lissafi ba.

Ban gaya mata zancen koren ba. Na ce ta riƙa shan maganin tarin.

Alhamis, da rana

Na tafi tashar Race Course karɓar kwandon kifin da Mma ke aikowa duk mako. Brimah direba ya sauke mini shi daga saman lori, yana goge gumi. Ya ce, "Sista, ki yi wa tsohuwar nan magana. Shekaranjiya ruwa ya kai wurin alwalar masallacinsu. Kwakwar nan biyu na bayan gidan Malam Seini sun kwanta."

Na ce to. Me zan ce?

Da na kwance kwandon a gida, takardar da aka naɗe kifin a jiƙe take daga ƙasa, da yashi a manne. Hajiya Rakiatu, mai gidan da muke haya, ta fito zaɓar nata na miyar waakye, wato shinkafa da wake, da take sayarwa. Ta san Mma tun bikina, kuma ta riƙe maganar nan ta "gidanmu Kumasi" da gaske. Ta ce kamar yadda take cewa kullum, "Yaushe dai Humu za ta gaji da kifin nan ta dawo gida?"

Yau ban yi dariyar ba.

Juma'a, bayan magariba

Na gaya wa mijina Abdul-Kudus komai. Ya dawo daga aikin kafinta a unguwar Anloga kansa duk garin katako, ya zauna yana ci yana saurare, bai katse ni ba. Da na gama ya wanke hannu, ya zaro tef ɗin awo daga aljihu, ya nufi ƙaramin ɗakin da muke ajiye shirgi.

Na ce, "Masta, me kake yi?"

"Ina duba ko gado zai shiga."

Wallahi sai na ji kaina ya ɗau zafi. Na ce ina maganar mutum ɗari shida, shi yana maganar gado. Na ce uwata ba kujera ba ce da za a ɗauko a sa a lori. Na ce wasu abubuwan ma da ba zan rubuta ba.

Ya ce, "Madam Taswira, ni ban iya tare teku ba. Gado na iya."

Ya ci gaba da awonsa, yana rubuta lamba a bayan hannu. Na fita ƙofar gida na tsaya, na dawo, na sake fita.

Asabar, da hantsi

Na sake wanke kayan da na wanke jiya.

Lahadi, bayan la'asar

Ruwa ya sauka tun azahar, kwatar unguwa ta cika tana amai da leda. Ina tsaye a taga. Ruwan nan na Kumasi aƙalla yana da inda za shi, gobe ka ga ƙasa.

Na tuna lokacin da Mma ke koya mini salla. Ba ta taɓa nuna mini gabas ba. Cewa take, "Ki sa teku a hannun damanki, shi ke nan kin fuskanci alƙibla." Da aka kawo ni makaranta Kumasi na yi wata guda ina juye-juye a kan tabarma, ina neman abin da zan sa a hannun dama.

A wancan lokacin tsakanin gidanmu da ruwa akwai filin ƙwallo, akwai layin kwakwa, akwai inda ake shanya taru. Mukan gaji kafin mu kai bakin ruwa. Yanzu Mma ta ce daga ƙofar kicin take watsa ruwan wanke-wanke ya faɗa teku.

Litinin, da safe

Na gaya wa Mista Ofori. Na rufe ƙofar ofishinsa, na ce ba wucewa na taɓa yi ba, can aka yanke mini cibiya. Na bayyana masa zancen rago, da zancen Dogondutsi, da abin da mutumin Zongo ke nufi in ya ce shi baƙo ne.

Sai ya ce, "Shekara nawa muna aiki tare, kullum kina ce mini ke 'yar Kumasi ce."

Na ce eh.

Ya cire ni daga aikin gundumar, ya ce doka ce, mai gida a wurin ba ya taɓa taswirar wurin. Ban yi musu ba. Amma ya ce akwai ƙofa ɗaya. Kafin a sa hannu za a yi taron jin ra'ayin jama'a a fadar Nana, ranar Alhamis ta mako mai zuwa. In mutanen Zongo suka tashi a gaban kowa suka ce su mazauna ne, nan ne gidansu, zai rubuta a sake ƙidaya, a duba yadda za a tsallakar da katangar ba tare da an toshe bakin tafkin ba. Ya ce, "Ni ba zan iya faɗa a madadinsu ba, Basiratu. Abin da suka faɗa shi na rubuta. Su faɗi wani, in rubuta wani."

Kalma uku ce kawai. Nan ne gidanmu.

Talata, bayan azahar

Na kira Malam Seini. Sai da muka gama gaisuwa kaf, ya tambayi Abdul-Kudus, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwan Kumasi, sannan na samu na shigar da maganar. Wannan karon ban ɓoye komai ba, har koren na faɗa.

Ya ce, "La haula. To, 'yata, a gaban wa za mu faɗi wannan?"

"A gaban Nana, Baba Malam."

Ya yi wata 'yar dariya, irin wadda manya ke yi in yaro ya ce zai ɗauki buhu. "A fadarsa? Bayan shekara da shekaru ba mu taɓa samun saɓani da mutanen nan ba? Za su ce baƙi sun ga wuri sun fara neman ƙasa."

"Ba ƙasa za ku nema ba, Baba. Cewa za ku yi a nan kuke zaune."

"Ai sun san a nan muke zaune. Suna ganinmu."

Na ce don girman Allah ku yi tunani. Ya ce in sha Allahu zai tara dattawa.

Laraba, da hantsi

Na yi saƙon murya na tura wa duk wanda nake da lambarsa a Zongon. Na yi da Hausa, na yi da Fanti, yaren mutanen garin, na goge na sake. Ku ce nan ne gidanmu. In an tambaye ku, ku ce nan ne gidanmu. Ba zagi ba ne, ba ƙwace ba ne.

Hajiya Rakiatu ta leƙo ta taga ta ce, "Ke da wa kike faɗa da sassafe?"

Alhamis, da rana

Kwandon wannan makon rabi ne. Brimah ya ce murhu ɗaya ya rushe. Ya kuma ce yaran Zongo sun mayar da saƙona waƙa, suna tafi suna "nan ne gidanmu, nan ne gidanmu," iyayensu suna korar su da tsintsiya. Yana faɗa yana dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi dariyar, a tsakiyar tasha, har mutane suna juyowa. Ban san lokacin da ta juye kuka ba.

Juma'a, bayan la'asar

Mma ta ji komai daga bakin Malam Seini, ita ta kira ni. Na zaci faɗa za ta yi. Tambaya ta yi, "Kabarin babanki ma cikin koren yake?"

Na ce eh, Mma.

Sai tekun na ji a wayar.

Na ce, "Ke kaɗai ma in kika tashi, mata za su bi ki. Kin san suna jin maganarki. Mma, kalma uku."

Ta ce, "To, na ji."

Na san "na ji" ɗin Mma. Akwai wanda take nufin za ta yi, akwai wanda take nufin ki rufe mini baki. Na juya shi a kaina tun ɗazu, na kasa gane wanne ne wannan.

Asabar, da yamma

Abdul-Kudus ya shigo da katako huɗu a kafaɗa, ya jingine a bayan ƙofa. Ban tambaye shi ba, bai gaya mini ba.

Litinin, da hantsi

An ba ni aikin wata kasuwa a Asokore Mampong don kada in zauna haka. Na buɗe kwamfuta na zauna ina kallonta. Na tashi na sha ruwa. Na zauna. Na tashi na duba ko an yi ruwa. Taswirar tana nan a bango, mutum ba zai je banɗaki ba sai ya wuce ta.

Laraba, da asuba

Zan bi motar farko. Mista Ofori ya ce zan iya zuwa a matsayin 'yar gari, ba ma'aikaciya ba. 'Yar gari. Shi ma bai san abin da ya faɗa ba.

Juma'a, bayan azahar

Na dawo.

Asabar, da hantsi

Abdul-Kudus ya daina tambayata yadda aka yi. Ya kawo mini koko da ƙosai ya ajiye, ya tafi aiki. Bari in rubuta abin da zan iya.

An cika fadar. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an rataye taswirarmu a jikin bango. Mutanen Zongo sun zo kusan duka, maza da fararen riguna kamar ranar Idi, mata a baya. Da idona na ga sun fi rabin taron. Zuciyata ta ce shi ke nan, ai ko makaho ya san waɗannan sun fi arba'in.

Mista Ofori ya yi bayani da Turanci, aka fassara. Masunta suka yi magana, matan kasuwa suka yi. Sai ya ce akwai tambaya ɗaya ga mutanen Zongo, ya yi ta a fili yadda kowa zai gane: mazauna ne ku, ko masu zuwa su koma?

Nana ya sunkuya ya yi wa mai magana da yawunsa raɗa. Tsoho ne, fuskarsa ba mugunta. Mai maganar ya ɗaga sandarsa ya ce Nana ya ce mutanen Zongo su faɗi abin da ke ransu, kada su ji komai.

Malam Seini ya tashi. Na ga ya sunkuya yana cire takalmi. Ya ce, "Nana, mu baƙinka ne. Kakanka ya saukar da kakanninmu, ba mu taɓa ganin wulaƙanci ba. Duk abin da ka ga ya dace da baƙinka, shi ne namu."

Mutanen gari suka tafa. Wallahi tafin ƙauna ne, har wata tsohuwa ta share hawaye. Nana ya gyaɗa kai ya ce baƙinsa 'ya'yansa ne. Mai rubuta bayanin taro ya rubuta.

Mma ta miƙe. Mata suka gyara zama. Ta gyara mayafinta, ta dubi taswirar, ta dubi Nana. Ta ce, "Nana, abin da Malam ya faɗa, shi ne." Ta zauna.

Mista Ofori ya dube ni.

Nan zan tsaya yau.

Lahadi, bayan la'asar

Gadon ya haɗu. Yana ƙaramin ɗaki, ƙamshin sabon katako ya cika gidan. Na rufe ƙofar.

Litinin, da rana

An tura taswirar don sa hannu. Jan layin yana inda yake. Mista Ofori ya ƙara shafi guda da hannunsa, cewa a nemi fili a tudu don waɗanda ke kan yashin, ko mazauna ne ko ba mazauna ba. Ya nuna mini. Na ce na gode. Bai tayar da maganar ranar Alhamis ba, na kuwa fi son ya zage ni.

Talata, bayan azahar

Da Mista Ofori ya dube ni ranar taron, makirfo yana hannuna. Shi ne ya sa aka miƙo mini shi. Na tashi, na san abin da zan faɗa, na maimaita shi a mota tun daga Kumasi har bakina ya bushe. Dattawan da suka yi mini suna duk suna kallona. Mma tana kallon ƙasa. Nana ya yi mini murmushi, ya ce a'a, 'yar Humu ce wannan, ta girma.

Sai na ji gwiwata ta lanƙwashe da kanta. Na rusuna. Na ce, "Mun gode, Nana."

Shi ke nan abin da na ce. Ni da digirina, ni da saƙon muryata. Ina jin haushin Malam Seini, ina jin haushin Mma, amma haushin da nake ji na kaina ya fi su duka.

Alhamis, da rana

Ba kwando. Brimah ya ce bai samu shiga Zongon ba, hanyar bakin tafki ta yanke.

Juma'a, da asuba

Wayar Mma ba ta shiga. Ta Malam Seini ba ta shiga. Na kira, na kira, na kira.

Juma'a, da hantsi

Ba ta shiga. A rediyo sun ce teku ya yi tsiya a gaɓar yamma, sun lissafa garuruwa, ba su ambaci Zongon ba. To wa zai ambace shi? Mutum arba'in.

Abdul-Kudus bai tafi Anloga ba. Yana zaune a bakin ƙofa da wayarsa, yana kiran direbobin da ya sani ɗaya bayan ɗaya. Ni na kasa zama. Daga ɗaki zuwa famfo, daga famfo zuwa ƙofar gida. Hajiya Rakiatu ta kama hannuna ta zaunar da ni, na sake tashi.

Juma'a, bayan la'asar

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ba wanda ya rasu. Masuntan gari ne suka kwashe su da kwale-kwale ta tafki, suna makarantar firamare ta bayan fada, Nana ya aika da shinkafa. Mma ta ari wayar wani malamin makaranta. Muryarta ƙalau, kamar ba ita ba. Ta ce kicin ya tafi, murahu sun tafi, bangon ɗakinta na gefen ruwa ya zauna. Na tambaye ta labarin makabarta. Ta ce in gaida Abdul-Kudus.

Lahadi, da yamma

Brimah ya kawo Mma. Mun tarye su a Race Course. Kayanta ƙulli biyu, da ragar banda guda ɗaya da ta ƙi bari, duk ta yi tsatsa, sai da aka ɗaure ta a saman taksi. Mabuɗin gidan yana ɗaure a bakin zanenta. A mota tana ta kallon mutane.

Da ta ga gadon ta shafa shi ta ce, "Wannan aikin Masta ne." Ya sunkuyar da kai kamar yaro. Da muka fito daga ɗakin na tsaya a bayansa na ce na gode. Ya ce katifar ce dai ba ta yi masa ba.

Litinin, bayan azahar

Matan gida sun shigo yi mata jaje. Tana zaune a bakin gadon, ƙafafunta ba su kai ƙasa sosai ba. Hajiya Rakiatu ta shigo da kwanon waakye da fara'arta, da zuciya ɗaya ta faɗa, na sani.

Ta ce, "Humu, Allah ya kiyaye gaba. Amma dai alhamdu lillahi, yau ga ki kin dawo gida."

Mma ta ɗago ta dube ta. Ta ce, "Wane gida, Hajiya? Ni baƙuwa ce a nan. Gidana yana Zongon Gishiri, na uku daga masallaci."

Ba rawar murya, ba kallon ƙasa. A gaban mata biyar da kwanon waakye, ba Nana, ba makirfo, ba mai rubutawa. Na juya fuskata bango na daɗe a haka.

Da suka watse aka kira salla. Ta yi alwala a famfo, ta shigo ta warware tabarma, ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Ta juya dama ta kasa kunne. Ba komai sai ƙahon trotro da injin niƙa na bayan gida. Ta juya hagu, ta sake dawowa dama.

Ta ce, "Basira, zo ki nuna mini alƙibla."